Littafin Aiki: Neman Injin Walda Mai Waya a Yamai

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Yau na huda ƙafar gado ta uku, kuma a kanta na yanke shawarar cewa lokaci ya yi da zan nemi wani injin walda. Shekara huɗu ke nan ina taɓa aikin ƙarfe a ranakun hutu, a ƙarƙashin rumfar da ke bayan gidana. Koyarwa ce sana'ata, ita ke ciyar da iyalina. Walda kuwa sha'awa ce da ta kama ni tun ranar da na gyara ƙofar gidan mahaifiyata da hannuna. Injin da nake da shi na sanda ne, wanda ake maƙala wa sandar walda da masu sana'a a nan suke kira baget. A kan ƙarfe mai kusurwa na milimita 3 ko 4 ba ni da abin cewa a kansa. Amma bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu da ake sayarwa a kasuwar Katako, wanda ake kira tib kare, yawancin wanda aljihuna ke iya ɗauka kaurinsa bai wuce milimita 1.2 ba, kuma da zarar na ɗora masa sanda ta 2.5 sai ya narke ya bar mini rami, in koma cike ramin, cikon ya haifi wani ramin.

Abin da nake son kammalawa kafin bazara ta kankama shi ne gadaje biyu na kwanan waje, kujeru huɗu, da mazaunin randa. Na ware jika 300 na kuɗin sefa, kuma a cikinsu ne inji da waya da gas da hular kare ido za su fito.

Asabar, 18 ga Janairu

Na je wurin wani dattijo mai walda a bakin Katako, wanda nake sayen guntayen ƙarfe a hannunsa, na gaya masa ina son sayen injin MIG, wato injin walda mai waya. Ya ajiye guduma ya dube ni. Ya ce, "Mushe, wannan ai injin masu gyaran jikin mota ne. To, iskarsa ina za ka samu?" Na ce, "Baba, abin da ya kawo ni ke nan, in ji daga bakinka." Bai amsa ba, sai ya ɗauki guntun tib kare irin wanda nake hudawa, ya rage wuta, ya riƙa ɗiga sanda yana ɗagawa, ɗigo a kan ɗigo, har ya haɗe shi babu rami ko ɗaya. Na yaba, domin abin yabo ne. Sai dai hannun da ya yi haka ya shekara fiye da talatin yana yi kullum, ni kuwa Asabar da Lahadi kaɗai nake da su.

Tambayarsa ita ce ta zauna mini a rai, don haka da dare na zauna na rubuta yadda injin yake aiki, in ga inda iskar ta shigo. A madadin sanda, akwai siririyar waya naɗe a kwarkwaro a cikin injin. Idan aka danna kunamar bindigar walda, wasu ƙananan tayoyi biyu sukan turo wayar ta cikin igiya har ta fito a bakin bindiga, inda wuta ke kama ta, ta narke ta cike mahaɗar ƙarfe. Sandar walda tana da sutura a jikinta wadda ke ƙonewa ta kare narkakken ƙarfe daga iskar duniya. Wayar MIG tsirara take, shi ya sa ake busa mata gas ta bakin bindiga ya lulluɓe wurin. In babu wannan lulluɓi, waldar takan fito da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, kuma ba ta da ƙarfi.

A Amurka aka ƙirƙiro hanyar a 1948, a cibiyar bincike ta Battelle, kuma da farko don alminiyam aka yi ta, da gas irin su argon da ba sa haɗuwa da komai. Tsadar wannan gas ta hana a yi amfani da ita a kan baƙin ƙarfe, sai a 1953 masana a Tarayyar Sobiyet suka nuna cewa iskar CO2 mai araha tana yi. A ƙa'ida, idan da CO2 ake aiki sunan hanyar MAG ne, amma a kasuwa kowa MIG yake cewa. Na lura cewa matsalar da ta tsayar da masu masana'antu shekara saba'in da suka wuce ita ce dai ta tsayar da ni yau, wato kuɗin gas da inda za a same shi.

Asabar, 25 ga Janairu

Na wuni ina zaga shagunan kayan aiki, daga Katako zuwa kewayen Babbar Kasuwa. Injin sanda ko'ina akwai shi, mai waya kuwa sai an bincika. Sunayen da ido ya saba da su, irin su Ingco da Total, an fi samun su. Na Turai, kamar GYS na Faransa da Telwin na Italiya, wani mai shago ya ce sai dai a yi mini oda, kuma tunda aka rufe iyakar Benin kaya ta Lome suke biyowa su ratsa Burkina Faso, ba wanda zai iya yi mini alkawarin ranar isowarsu.

A wani shago aka fito mini da inji mai sunan da ban taɓa ji ba, an rubuta 250 da manyan lambobi a jikin kwalinsa, kuɗinsa kuma bai kai rabin na sauran ba. Yaron shagon ya ce amfiya 250 yake bayarwa, wato yawan wutar da yake fitarwa ke nan. Na roƙi a buɗe kwalin in duba farantin bayani da ke manne a bayan injin, domin a nan ne gaskiyar kowane inji take. Akwai lissafi mai sauƙi da ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta injinan walda, IEC 60974-1, ta tanada: ƙarfin volt a bakin bindigar MIG shi ne 14 a tara da kashi 5 cikin 100 na amfiyar da ake aiki da ita. Ke nan a amfiya 250 ana buƙatar volt 26.5, kuma idan aka ninka su biyun za a samu wat 6,625. Farantin wannan inji kuwa ya nuna cewa iyakar abin da yake ja daga bango amfiya 20 ne, wanda a wutarmu ta volt 220 bai wuce 4,400 ba, tun kafin a cire abin da ke lalacewa a zafi. Inji ba ya fitar da abin da bai sha ba. Na nuna wa yaron lissafin a bayan takarda, ya yi dariya ya ce shi dai abin da ke jikin kwali ya karanta. Ban ga laifinsa ba, amma araha ba ta ado, na yi masa sallama.

Wannan zagaye ya tilasta mini in tambayi kaina amfiya nawa nake buƙata tun farko. Ƙiyasin da masu walda ke bi a kan baƙin ƙarfe shi ne kusan amfiya 40 ga kowace milimita ta kauri. Tib kare na 1.2 wajen amfiya 50 yake so, ƙarfen milimita 3 wajen 120, na milimita 4 wajen 160. Ban taɓa haɗa abin da ya fi milimita 4 ba sai sau ɗaya ko biyu, kuma injin sandana yana nan don irin wannan rana. Saboda haka lambar da ya kamata in fi dubawa ita ce ta ƙasa: shin injin yana iya sauka zuwa amfiya 30 ko 40 ya riƙe wuta ba tare da ya yi ta tsinkewa ba? Babu mai shagon da ya yi tallar wannan lamba, alhali kuwa ita ce ta fito da ni daga gida.

Abu na biyu a farantin shi ne layin da ke da alamar X da kaso-kaso a gabansa, wanda zan kira ma'aunin juriya. Ana auna shi a kan minti goma. Idan aka rubuta kashi 60 a amfiya 100, ma'anarsa injin zai yi walda minti shida, ya huta minti huɗu, in ba haka ba ya kashe kansa don kada ya ƙone. Ƙa'idar ta ce a yi awon a zafin digiri 40. Ga Bature wannan zafi ne na gwaji da ba kasafai yake gani ba. A Yamai kuwa ranar Afrilu ce ta yau da kullum. Wasu kamfanoni suna yin awon a digiri 20 ko 25 don lambar ta yi kyau, don haka duk farantin da bai faɗi zafin da aka auna shi ba, na ɗauka cewa an ɓoye mini wani abu.

Laraba, 29 ga Janairu

Na duba wutar gida. Mitarmu ta kilowat 3 ce. A amfiya 80 injin zai fitar da wat 1,440, ya ja kusan kilowat 1.7 daga bango, wanda gidan zai ɗauka ko firji yana aiki. A amfiya 120 abin ya kusa kilowat 3, kuma a nan sai an kashe komai kafin in danna kunama, in ba haka ba makatsin wuta ya faɗi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa inji mai amfiya 200 ko 250 kuɗi ne zan zuba a kan ƙarfin da bangon gidana ba zai iya ba shi ba. Na tsaya a kan 160. Na kuma kira mai gyaran wuta ya ja mini waya mai kaurin 2.5 kai tsaye daga mita zuwa rumfa, tare da wayar ƙasa ta gaske, domin siririyar wayar ƙari da nake jonawa tana ɗumi ko da injin sanda.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Mako biyu ina bin maganar gas, kuma a nan ne na gane hikimar tambayar dattijon nan. Hanyoyi uku ne a gabana.

Wadda littattafai suka fi yabo ita ce gaurayen argon da CO2, kashi 82 da 18 a Turai, kashi 75 da 25 a Amurka. Wutarsa tana da laushi, tartsatsinsa kaɗan ne, kuma shi ya fi dacewa da siririn ƙarfe irin nawa. Na tambaya a wurin masu sayar da gas na masana'antu. Tukunyar da suke bayarwa babba ce, ta kusa kai tsayina, kuma kuɗin ajiyar tukunyar kaɗai zai cinye rabin abin da na ware. Mai sana'a da ke walda kullum zai mayar da kuɗinsa, amma ga mai gado biyu da kujera huɗu abin ya yi yawa.

CO2 zalla ta fi sauƙin samu, domin masu cika tukwanen kashe gobara da masu harkar lemon kwalba suna amfani da ita. Tana shiga ƙarfe da zurfi, tana fesa tartsatsi fiye da gauraye, kuma a kan siririn ƙarfe tana son hannu mai sauri. Wani ya ba ni shawarar in ɗauki tukunyar kashe gobara kawai in ɗaura mata agogo, wato na'urar da ke daidaita fitar gas. Na ƙi, saboda a cikin irin wannan tukunya akwai bututu da ya sauka har gindi don ya fito da ruwan CO2, kuma ruwan nan idan ya shiga agogon gas sai ya daskarar da shi. Tukunyar walda daga sama take sakin iska. Na kuma koyi cewa tunda CO2 a ruwa take zaune cikin tukunya, allurar agogo ba ta nuna abin da ya rage sai dab da ƙarewa. Da sikeli ake sanin saura. Kilo ɗaya yana ba da iska fiye da lita 500, don haka tukunyar kilo 10, idan ana sakin lita 10 a minti, za ta yi kusan awa tara ana walda ba tsayawa. A irin aikina wannan watanni ne.

Hanya ta uku ba ta buƙatar tukunya ko kaɗan. Akwai waya mai rami a ciki da aka cusa wa garin magani, irin aikin da suturar sanda ke yi. Idan ta narke, maganin ne ke ba da kariya. Iska ba ta dame ta, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai aiki a rumfa a lokacin hunturu. Amma tana hayaƙi, tana barin ɓawo da sai an kankare, ta fi wayar tsirara tsada a kilo, kuma tana da zafi a kan ƙarfen da bai kai milimita 1.5 ba. Akwai ƙananan injina masu araha da wannan waya kaɗai suke ci, ba su da mashigar gas. Na cire su daga lissafi, domin wanda ya saye su ya rufe wa kansa ƙofa. Injin da zan saya dole ya iya biyun, ya kuma ba ni damar juya wayoyin alamar tarawa da ta ɗebewa, tunda wayar tsirara tana son bindiga a kan tarawa, mai magani kuwa a kan ɗebewa.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Kafin in ba da kuɗi na je wurin mai gyaran injinan walda, domin shi ne ke ganin su bayan an gama yi musu talla. Bencinsa cike yake da ƙananan injina na zamani, masu inbata, an buɗe cikinsu. Ya ce tsohon inji mai taransifoma nauyi ne da shi kamar jaki, ya fi shan wuta, amma tagulla ce da ƙarfe, ko ya ƙone ana sake naɗa shi. Mai inbata kuwa yaro ma zai ɗauke shi, wutarsa ta fi daidaito a ƙananan amfiya, ba ya wahalar da mita, sai dai abu biyu ke kashe shi a garin nan: ƙura da wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke. Ya nuna mini allon wani inji da garin ƙarfe ya lulluɓe, saboda mai shi yana gurza ƙarfe kusa da shi, fankar injin tana zuƙe garin tana kai wa ciki. Ya ce, "Malam, in ka saya, ka riƙa busa shi duk wata, ka nisanta shi da wurin gurza, kuma in an ɗauke wuta ka zare shi daga bango kafin ta dawo." Game da janareta ya ce kada in jona shi sai ga wanda ƙarfinsa ya ninka buƙatar injin sau ɗaya da rabi, mai na'urar daidaita volt.

Shawararsa da ta fi amfani a gare ni ita ce ta bindiga. Wasu injina an dasa igiyar bindigarsu a ciki, in ta lalace sai an nemo irinta sak. Wasu kuwa suna da mahaɗa irin ta Turai da ake murɗawa a cire, kuma bindigar da ake kira MB15 tana shiga kowannensu, tsininta na tagulla da hularta ana samun su cikin sauƙi. Tsinin nan, wanda waya ke fitowa ta cikinsa, abu ne mai ƙarewa, yana ƙonewa yana buɗewa, kuma inji komai kyansa zaman banza zai yi in babu shi. Ya ƙara da cewa in buɗe murfi in duba matura waya, in ta roba ce zalla in bar ta, sannan in tabbata injin yana ɗaukar kwarkwaro na kilo 5, domin na kilo 1 tsada ne da shi idan aka lissafa.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na saya. Inji ne mai inbata ƙirar ƙasar Sin, daga amfiya 30 zuwa 160. Farantinsa ya ce a digiri 40 yana yin kashi 25 a amfiya 160, kashi 60 a 103, kashi 100 a 80, kuma lissafin abin da yake sha ya dace da abin da yake fitarwa. Lambobin ba na alfahari ba ne, shi ya sa na yarda da su. Yana da mahaɗar Turai, matura waya ta ƙarfe, da wurin juya tarawa da ɗebewa a cikin murfi. Na je da guntayen tib kare a jakata, na ce sai an gwada a gabana. Mai shagon ya ɗan yi jinkiri, daga baya ya aika aka jona shi a wurin maƙwabcinsa. Bayan ciniki mai tsawo, da inji, da kilo ɗaya na waya mai magani ta 0.8 don gwaji, da tsini goma, da hula mai duhunta kanta daga lamba 9 zuwa 13, da safar hannu ta fata, abin da ya rage mini na gas bai kai yadda na so ba. A kan hular ban nemi ragi ba. Na ga yara masu koyon sana'a suna walda da tabarau na rana, na kuma san daren da mutum ke kwana kamar an zuba masa yashi a ido.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama, don haka bayan sallar asuba nake aiki, in tashi kafin rana ta ɗaga. Gwajin farko ya ba ni kunya. Wayar ta riƙa tofi tana fesa ƙwallayen ƙarfe ko'ina, waldar ta tsaya a saman ƙarfe kamar kashin kaza. Na yi ta murɗa maɓallan volt da gudun waya har na fara zargin mai shago, sai na buɗe murfi na ga bindiga tana kan tarawa, yadda aka fito da injin daga masana'anta, alhali waya mai magani na saka. Ni da na rubuta wannan da hannuna wata ɗaya da ya wuce, ni na manta. Da na juya wayoyin, na kuma juya tayar tura waya zuwa gefenta mai haƙora, sai sautin ya daidaita, ya koma kamar ana suyar ƙosai a mai mai zafi.

Da wannan waya jan bindiga ake yi, a bar ɓawo a baya, kuma wayar ta fito kamar milimita 15 daga tsini. A kan ƙarfen milimita 2 da 3 na ji daɗinta, da ita na haɗa mazaunin randa cikin safiya biyu. A kan tib kare na 1.2 kuwa har yanzu tana hudawa idan na ja layi mai tsawo, sai na koma ɗigo-ɗigo irin na dattijon Katako, da bambancin cewa yanzu yatsa ne ke yin abin da wuyan hannunsa ke yi. Lambar da ke jikin kwarkwaron, E71T-GS, ta waya ce da aka yi don bi ɗaya. Ba a ɗora walda a kan walda da ita a inda za a ɗauki nauyi, don haka gadajen za su jira gas.

Asabar, 5 ga Afrilu

Bayan Sallah na samu tukunyar CO2 ta kilo 10, ta hannu, wadda hatimin gwajinta bai wuce wa'adi ba. Agogon da na fara saya bakinsa bai shiga ba, domin zaren bakin tukwane ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa da kuma daga gas zuwa gas. Da na je da tukunyar tun farko da ban yi tafiya biyu ba. Na ɗaure ta da sarƙa a tsaye a jikin ginshiƙi, a inuwa, saboda matsin CO2 yana hawa sosai da zafi, kuma ranar Afrilu ba abin wasa ba ce. Na shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, na ga kumfa a wuri ɗaya, na ƙara ɗaurewa.

Na saka wayar tsirara ER70S-6 mai kaurin 0.6, na mayar da bindiga kan tarawa, taya kan gefenta mai santsi, na saki lita 8 a minti. Wannan shi ne abin da na fito nema tun Janairu. Layi ya tafi a kan tib kare na 1.2 babu rami, babu ɓawo, kuma ina ganin narkakken ƙarfen sarai ta cikin hula. Na haɗa guntaye biyu na sa a matsi na yi ta dukan su da guduma. Bututun ya lanƙwashe, waldar ba ta tsage ba.

Murnar ba ta kai azahar ba iska ta taso, ramukan saƙar zuma suka bayyana. Na ƙara gas zuwa lita 15, abin bai gyaru ba, agogon ma ya fara yin farin sanyi a jikinsa. Maganin ya zama tsofaffin kwanukan rufi biyu da na jingina ta gabas da arewa, waɗanda kuma suka kare idon yara daga hasken. Na bar sama da gefe ɗaya a buɗe don hayaƙi ya fita. Wani abin da injin sanda ya saba mini da sakaci a kansa shi ne tsabta: wayar tsirara ba ta yafe tsatsa ko fenti ko man da ake shafa wa sabon bututu, sai an gurza wurin ya yi fari, har da inda maƙalar ƙasa, wadda ke haɗa ƙarfen da inji, za ta kama.

Asabar, 19 ga Afrilu

Gado na farko ya tsaya da ƙafafunsa, kuma daren jiya a kansa na kwana a tsakar gida. Uwargida ta zagaya shi tana neman inda ya karkace, ta samu, domin kusurwa ɗaya ta ja da kusan rabin santimita. Laifina ne: na cike gefe ɗaya gaba ɗaya kafin in ɗiga sauran, zafi ya janye ƙarfen. A gado na biyu sai na ɗiga kusurwoyi huɗu, na auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, sannan in riƙa cikewa ina tsallakawa.

Yau ne kuma injin ya kashe kansa karo na farko. Da misalin ƙarfe biyu na rana, ina haɗa ƙarfen milimita 3 na teburin aiki a amfiya 120, fitilar zafi ta kama bayan 'yan mintuna. Ban kashe shi ba, na bar fanka tana juyawa har fitilar ta mutu da kanta. Abin da farantin ya faɗa ke nan, kuma a ƙarƙashin kwanon rumfa zafin ya wuce digiri 40 ɗin da aka auna shi. A amfiya 50 zuwa 60 da nake aikin gadaje bai taɓa tsayawa ba.

Maƙwabcina ya kawo bututun ruwa mai rufin tutiya in haɗa masa. Na gurje tutiyar daga bakin mahaɗa tukuna, na yi aikin a fili ina bayan iska, domin farin hayaƙinta yana sa zazzaɓi.

Asabar, 3 ga Mayu

Gado na biyu ya kusa, saura sandunan tsakiya. Tun Laraba wayar take sarƙewa, ta fito ta tsaya, ta fito ta tsaya. Na canja tsini, ba a nan matsalar take ba. Da na zare bututun da waya ke bi a cikin igiya na busa shi, jar ƙura ce ta fito, wadda ta kwanta a kan kwarkwaro ranar da na bar murfi a buɗe. Yanzu na maƙala guntun tsumma mai tsabta a kan wayar kafin ta shiga tayoyi, kuma idan na tashi aiki nakan cire kwarkwaron in ɗaure shi a leda, tunda damina na tafe kuma wayar da ta yi tsatsa ba ta da magani.

Na ɗora tukunya a sikeli, kilo 3 ya tafi, wanda ya fi lissafina; ina zargin ranar da na yi ta ƙara gas ina faɗa da iska, da wani dare da na manta ban rufe kan tukunya ba. Tsini huɗu suka rage cikin goma, dukansu na 0.8, na 0.6 kuwa guda ɗaya ne tak, don haka ranar Litinin bayan makaranta zan biya Katako. Ƙanena ya tambaya ko injin zai haɗa masa tagar alminiyam. Wannan sai da argon zalla, da wata taya, da wani bututun cikin igiya, na ce ya ba ni lokaci. Kujeru huɗu ban ko yanka ƙarfensu ba, kuma dattijon nan ya aiko cewa yana son zuwa ranar Lahadi ya ga yadda ake ɗinki da waya.